MAKAƊI A BAKIN TITI: INA RABON AL'ADU A KASAFIN ƘARAMAR HUKUMAR BANDE?

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Damagaram ta nufi Magarya ya san halin da garuruwan bakin titi ke shiga ranar da aka ce babban baƙo zai wuce. Tun kafin hantsi ya dubi ludayi ake tattaro makaɗa da maroƙa da ƴan mata masu gaɗa, a jera su cikin rana tare da ƴan makaranta riƙe da ƙananan tutoci. A yi ta kiɗa har hannu ya yi kanta, a yi ta waƙa har murya ta dushe. Can bayan azahar jiniya ta taso, motoci su ɗan dakata ko su wuce da ƙurarsu, wani daga cikin ƴan rakiya ya miƙo na goro, taro ya watse. Idan aka zo rubuta rahoto kuma, sai a ce hukuma ta raya al'adun gargajiya.

Wannan ita ce fahimtar da ta yi katutu a zukatan masu riƙe da ƙananan hukumomi da yawa a ƙasar Nijar, kuma fahimta ce gurguwa wadda ya kamata a fito fili a yaƙe ta. Ta mayar da makaɗi tamkar tabarmar aro, a shimfiɗa wa baƙo, ya tashi a naɗe a jingine a lungu sai wata rana. Alhali kuwa hidimar al'adu haƙƙi ce da talaka ke bin hukumarsa, kamar yadda yake bin ta rijiya da ɗakin shan magani da ajin karatu. Hukumar da ta karɓi harajin mutum ta ɗauki alkawarin kula da rayuwarsa, rayuwar mutum kuwa ba ta tsaya a ciki kaɗai ba. Bande misali ce a nan, amma maganar ta shafi ƙananan hukumomi 11 na gundumomin Magarya da Dungas baki ɗaya.

Abin da Bande ta mallaka

Bande ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Magarya, cikin jihar Damagaram. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna mutanenta sun haura 100,000, yau kuwa sun zarce haka nesa ba kusa ba. Yanki ne na cunkoson jama'a, inda ƙauye ke hango ƙauye, inda kuma albarkar Korama ta sa ake noman rani. Raken wannan yanki ya yi suna, ana lodinsa zuwa Damagaram da garuruwan da suka fi ta nisa. Ƴan'uwanta a gundumar su ne Magarya da Washa da Kwaya da Ɗancawo da Sasumburum da Yekuwa. A gabas kuma akwai Dungas, wadda aka yanke daga jikin Magarya ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, tare da Dogo-Dogo da Guci da Malawa.

Ƙasa ce mai tsohon tarihi. Sarautar Magarya tana da jijiya a Daura, Washa da Dungas kuwa suna cikin tsoffin daulolin Sosebaki waɗanda suka girmi daular Damagaram kanta. Kowane tsohon gari a nan yana da labarin kafuwarsa, da jerin sarakunansa, da kirarin zuriyoyinsa, kuma akasarin wannan ilimi a ƙirjin tsofaffi yake ajiye. Ga kiɗan noma na ranar gayya, ga kalangun mahauta, ga kiɗan maƙera, ga gurmi da goge da kukuma, ga shantun mata a cikin gida. Ga kokowa da dambe bayan an kai amfanin gona rumbu, ga tashen yara a watan azumi, ga sharon Fulani da sarewarsu, ga tatsuniya da kacici-kacici da langa a dandali. Ga kuma dukawa da masaƙan tabarma da faifai da magina tukwane. A zaurukan malamai akwai littattafan Larabci da waƙoƙin wa'azi na ajami da aka gada kaka da kakanni, wasu a cikin gafakar da gara ta fara ci.

Wannan dukiya ba ta da ma'aji in ban da mutane, mutane kuwa mutuwa suke yi. Kusan rabin al'ummar Nijar yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Ma'anar wannan ita ce masu karɓar gado suna da yawan gaske, masu miƙa shi kuwa kullum raguwa suke yi. Duk daminar da ta wuce tana tafiya da wani tsoho wanda shi kaɗai ya san yadda aka haƙa rijiyar farko ta garinsu, ko wata tsohuwa wadda ita kaɗai ta rage da waƙoƙin niƙa da daka na zamanin da ba a san injin niƙa ba.

Abin da doka ta faɗa, da abin da aka yi

A ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na farko da ya game ƙasa, aka kafa majalisu 265, aka ce mulki ya sauko kusa da talaka. An sake zaɓe a 2011 da 2020. Kundin dokokin ƙananan hukumomi na 2010 ya lissafa fannonin da gwamnatin tsakiya za ta iya miƙa musu, a ciki har da al'adu da matasa da wasanni da sana'o'in hannu. Amma da aka tashi miƙawa ta haƙiƙa a 2016, fannoni huɗu aka zaɓa: ilimi, da lafiya, da ruwa, da muhalli. Al'adu sun tsaya a bakin ƙofa. Ba wanda zai musa muhimmancin waɗancan huɗu, sai dai saƙon da magadan gari suka karanta a wannan zaɓi a bayyane yake: abin da Yamai ba ta sa a gaba ba, ba wanda zai tuhume ka idan ka yi watsi da shi.

Abin takaici shi ne dokar haraji ba ta manta da masu fasaha ba. Ta bai wa ƙananan hukumomi damar karɓar kuɗi a kan wasanni da tarurrukan nishaɗi. Wato hukuma ta san hanyar gidan makaɗi ranar karɓa, ranar bayarwa ce take ɓata mata. Ana tatsar saniyar da ba a ba ta dusa. Duk malamin makaranta ko shugaban ƙungiya da ke son ya auna gaskiyar wannan magana, ya nufi ofishin ƙaramar hukumarsa ya nemi ganin kasafin kuɗin shekara, ya duba abu uku: nawa aka rubuta wa al'adu, nawa aka fitar a zahiri, kuma a kan me aka kashe. Idan ya tarar da cewa kuɗin ya tafi wajen hayar rumfa da kujeru da abincin baƙi, to ya san sunan al'adu kawai aka ara aka yafa.

A watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rushe zaɓaɓɓun majalisun, suka naɗa kantomomi su riƙe ƙananan hukumomi. Wannan bai sauke nauyin ba ko kaɗan, ya ma tattara shi ne a wuya ɗaya. Magajin gari yana iya fakewa da cewa kansiloli sun ƙi amincewa, kantoma kuwa ba shi da wannan mafaka. Kuma ko wane ne ke zaune a kujerar, harajin da ake karɓa na talakan Bande ne.

Gwamnatin tsakiya ma tana da nata kason laifi. Tun 2006 aka fara zagayawa da bikin 18 ga Disamba, ranar jamhuriya, daga babban birnin jiha zuwa wani, kuma Damagaram ce ta fara karɓa. Ta sake karɓa a 2018 da sunan Zinder Sabuwa. An yi tituna, an yi gine-gine, an gyara wuraren taro, birni ya yi kyau. Amma ruwan a birni ya sauka, ƙauye ya ji tsawa kawai. Manomin Bande da ke son ɗansa ya shiga ɗakin karatu ko ya ga wasan kwaikwayo a dandamali, sai ya biya masa kuɗin mota zuwa da dawowa. Tsarin da ya tara komai a manyan birane takwas ya bar mafi yawan jama'ar ƙasa a waje, domin mafi yawan ƴan Nijar a karkara suke.

Darasin da aka bari ya wuce

Masu cewa abin ba zai yiwu a karkara ba, tarihin ƙasar nan ya ƙaryata su. Bayan Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, gwamnatinsa ta farfaɗo da samariya, ta ba ta tsari tun daga ƙauye da unguwa har sama. A 1975 aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa. Daga nan aka shiga yin bikin matasa na ƙasa, wanda ake zagayawa da shi tsakanin manyan birane. Sirrin wannan biki yana cikin matakalarsa: ƙauyuka su kara da juna, gwanaye su wuce zuwa matakin gunduma, daga can zuwa jiha, sannan ƙasa. Yarinya mai zaƙin murya a ƙauyen da ko mota ba ta zuwa tana iya wayar gari ana jin ta a gidan rediyon ƙasa. A cikin wannan yanayi wasan kwaikwayon Hausa ya bunƙasa a Damagaram, inda Yazi Dogo da abokan aikinsa suka sa ƙasa duka dariya tana kuma karɓar gyara, har wata manazarciya daga Amurka, Janet Beik, ta wallafa littafi sukutum a kansa a 1987.

Ba a nufin a wanke samariya tas. Kayan aikin mulki ce, an yi amfani da ita wajen yabon masu iko da tilasta wa matasa aikin gayya, kuma bakin mawaƙi bai da cikakken ƴanci a lokacin. Shi ya sa da iskar dimokuraɗiyya ta kaɗa, aka yi babban taron ƙasa na 1991, samariya ta bi tsohon tsari suka tafi tare. Kuskuren da aka yi shi ne an rushe rumbu saboda ɓera, aka bar hatsi a fili. An kawar da tsarin da ke da aibi, ba a kafa wani a gurbinsa ba. Ƙananan hukumomin da aka haifa a 2004 su ne magadan wannan gurbi na halal, domin su ne ke kusa da ƙauye, kuma za su iya yin aikin ba tare da tilas ba. Shekaru fiye da 20 ke nan gadon yana jiran mai ɗauka.

Kokowa ita ce shaidar da ba ta da makawa. Ita ce fannin da hukuma ba ta sake shi ba: ana zaɓen ƴan kokowa daga ƙasa zuwa sama, akwai filaye a manyan birane, akwai takobi da kyauta, rediyo da talabijin suna watsawa. Sakamakon haka, yau ba abin da ke tsayar da ƙasar Nijar cik kamar makon gasar takobi, kuma sunayen irin su Kantu na Maraɗi da Balla Haruna sun shiga bakin yara da manya. Abin da aka shayar ya yi tsiro. Waƙa da wasan kwaikwayo da rubutu ba su gaza kokowa daraja ba, kulawa ce ba su samu ba.

Hujjoji huɗu da amsoshinsu

Hujja ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce talauci. Za a ce yankin da asibitin Magarya ke cika da yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro duk damina, ina shi ina zancen ganga? Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma wanda ya raina ta bai san yankin ba. Amma a duba girman abin da ake nema. A 2020 shugabannin Tarayyar Afirka suka yi kira ga ƙasashe su riƙa ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kasafinsu domin fasaha da al'adu kafin 2030. Kashi 1 ba ya rufe ɗakin shan magani. A wani lissafin kuma, dala goma, wato sefa 50, a kan kowane mutum cikin mutum 100,000 ta kama sefa miliyan 5 a shekara. Ko kuɗin karan rake ɗaya mai kyau ba ta kai ba, amma ta isa a biya ma'aikaci ɗaya, a sayi littattafai, a shirya gasa. Daɗin daɗawa, ma'aikatan lafiya da kansu sun san cewa idan ana son saƙon rigakafi ko na shayar da jariri ya shiga kunnen uwa a ƙauye, wajen mai waƙa da ɗan wasan kwaikwayo ake komawa. Sai dai a nan ma akwai tarko. Ƙungiyoyin agaji sukan ɗauki ƴan wasa haya na wata uku, su ba su saƙon da za su faɗa, aiki ya ƙare kowa ya kama gabansa. Mai fasahar da ba ya buɗe baki sai da saƙon wani ya zama lasifika. Hukumar garinsa ce ya kamata ta ba shi filin da zai faɗi nasa.

Hujja ta biyu ita ce wai al'ada ba ta taɓa buƙatar ofis ba, da ƙafarta take tafiya tun kafin zuwan Nasara. Mai wannan magana ya manta cewa fasaha ba ta taɓa rayuwa ba tare da uban gida ba. Mu'azu Ɗan Alalo fadar Damagaram ce ta riƙe shi. Makaɗan noma manoma ne ke ba su dame, makaɗan fawa mahauta ne ke ciyar da su. A zamanin da gyaɗa ke da daraja, lokacin da Magarya da Matamai ke da masana'antun matsar mai, kuɗin kaka yana zagayawa har ya kai hannun maroƙi. Farin 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya sun karya gyaɗa, gonaki sun tsuke saboda yawan magada, samari sun koma cin rani a Kano da wasu wurare masu nisa, sarakuna kuma ba su da tattalin da suke da shi a da. Tsoffin iyayen gida sun raunana. Idan sabuwar hukuma ta karɓi harajin da a da fada ke karɓa, to ta karɓi nauyin da ke tafe da shi.

Hujja ta uku ta ƴan zamani ce: wai wayar salula ta wadatar, ga finafinan Kano, ga waƙoƙi a katin waya, ga intanet. Ba a ƙi ba, kuma ba laifi ba ne yaron Bande ya kalli fim ɗin Kano, harshe ɗaya ne, jini ɗaya ne. Amma kasuwa abin da zai sayu take kawowa. Ba ɗan kasuwar da zai zo ya naɗi tarihin kafuwar wani ƙauyen Korama, domin ba riba a ciki. Yaron da ya san unguwannin Kano ta fim, ya san ƴan ƙwallon Ispaniya ɗaya bayan ɗaya, amma bai san sunan kakan kakansa ba, an yi masa sata yana kallo. Aikin hukuma shi ne ta tsaya a inda kasuwa ba ta zuwa.

Hujja ta huɗu ba a cika faɗinta a bainar jama'a ba, amma tana hana ruwa gudu: tsoron kada a ce hukuma na ɗaure wa kiɗa da shashanci gindi. Amsa ita ce hidimar al'adu ta fi kiɗa faɗi. Adana rubuce-rubucen malaman yankin hidimar al'adu ce, haka gasar rubutun allo da zayyana, haka tattara waƙoƙin wa'azi na ajami kafin gara ta gama da su. Kuma wasan da aka yi da rana tsaka, a fili, gaban iyaye da sarakuna da malamai, ya fi kusa da tarbiyya bisa ga abin da yaro ke kallo shi kaɗai cikin dare a wayar da ba wanda ya san abin da ke cikinta. Wanda ya rufe dandali bai kashe sha'awar matasa ba, ya kora ta ne zuwa inda ido ba ya kaiwa.

Rijiyar wani ba ta kashe ƙishin gari

An daɗe ana jingina wannan aiki ga baƙi. Ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci ta kafa cibiyoyin karatu da raya al'adu da ake kira CLAC a garuruwa da dama, bisa sharaɗin gari ya ba da ɗaki da ma'aikaci, ita ta kawo littattafai. A Damagaram kuma cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta daɗe tana zama matattarar ɗalibai da ƴan wasa. A ranar 16 ga Janairu 2015 masu zanga-zanga suka cinna mata wuta. Ƙona littafi ɓarna ce da ba ta da uzuri, kuma ƴaƴan talakawan Damagaram ne suka fi kowa asara. Amma akwai darasi mai ɗaci a ciki: ɗakin karatun da jama'a ke yi wa kallon kayan baƙo ba ya samun mai tare masa faɗa ranar tashin hankali. A watan Maris 2025 Nijar ta sanar da ficewarta daga waccan ƙungiya. To, wanda ya sallami mai ba shi aro, ya wajaba ya sayi nasa. Ƴancin kai da ake ta ambato ba zai cika ba matuƙar littafin da yaro zai karanta sai wani ya aiko da shi daga ƙetare.

A cikin watan nan na Maris 2025 ne kuma sabon kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa. Jihar Damagaram ce ta fara buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa tun 1973. Yaran da aka koya wa karatu da harshen uwa, me za su karanta idan sun fita aji? Harshen ƙasa da ba shi da ɗakin karatu a ƙauye sarki ne ba fada. Haka nan wasan barkwanci tsakanin ƙabilu da taubasai, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon duniya da sunan Nijar a 2014: takardar tana Paris, amma Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Buzu da ke raya abin suna kasuwar Bande.

Sauran duniya ma daga ƙasa ta faro. A Ingila, dokar 1850 ce ta bai wa hukumomin garuruwa izinin ƙara rabin kwabo a kan haraji domin buɗe ɗakunan karatu na kowa da kowa, kuma a lokacin ma an sami ƴan majalisa da suka ce ɓarnar kuɗi ce. A birnin Medelin na ƙasar Kolombiya, wanda ya yi ƙaurin suna wajen kisan kai, hukumar birni ta zaɓi unguwannin matalauta ta gina musu manyan ɗakunan karatu a shekarun 2000. A watan Mayu 2004, wata biyu kafin zaɓen ƙananan hukumomin Nijar, wakilan birane suka haɗu a Basalona suka amince da wata yarjejeniya da ta sa al'adu cikin ainihin aikin hukumar gari. Ba a ce Bande ta zama Medelin ba. Ana cewa ne waɗancan ma ba su jira sai sun gama da talauci ba.

Abin da ake nema

Buƙatun ba su da yawa, kuma ba wanda ya fi ƙarfin ƙaramar hukumar karkara.

Na farko, a buɗe wa al'adu layi nasu na kansu a kasafin kuɗi, kada ya gaza kashi 1 cikin 100, a raba shi da kuɗin tarbar baƙi, a kuma manna lissafinsa a ƙofar ofis ƙarshen shekara. Duk abin da aka karɓa daga wasanni da nishaɗi ya koma cikin wannan layi.

Na biyu, ɗaki ɗaya a garin Bande, ko da na laka ne, mai littattafan Hausar boko da ajami da Larabci da Faransanci, da fitila mai aiki da hasken rana domin masu karatun dare. Daga wannan ɗaki a riƙa zagayawa da akwatunan littattafai zuwa makarantun ƙauyuka, a musanya su ranar kasuwa.

Na uku, ma'aikaci ɗaya mai albashi wanda wannan ne aikinsa, a ɗauke shi bisa cancanta. Ɗakin da ba shi da mai shi, ba a jimawa yake komawa ma'ajin buhunan taki.

Na huɗu, bikin kaka na shekara-shekara mai tsayayyen lokaci, wanda za a faro daga ƙauyuka: waƙa, wasan kwaikwayo, tatsuniya, rubutacciyar waƙa, gajeren labari, sana'ar hannu, tare da kason mata da na makiyaya. Doka ta yarda ƙananan hukumomi su haɗa gwiwa, saboda haka guda 11 na Magarya da Dungas suna iya yin karo-karo su riƙa karɓar zagayen ƙarshe bi da bi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyar, taskar tarihin baka. Wayar da ake zargi da kashe al'ada ita ce kuma na'urar naɗar murya mafi arha da aka taɓa samu. Kowace makaranta ta ɗauki ƙauyenta, ɗalibai su naɗi tsofaffi da izininsu, su rubuta, a ajiye kwafi a ɗakin karatu, a ba gidajen rediyon yankin su watsa.

Na shida, duk makaɗin da hukuma ta kira aiki a yi jinga da shi tun farko, a biya shi haƙƙinsa a rubuce, kamar yadda ake biyan magini da direba. Na goro kyauta ce, ba lada ba.

Kammalawa

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu su ma ba za su tsira daga zargi ba. Sun daɗe suna kuka a inuwar bishiya, kukan da ba ya isa ofis. Ƙungiyar da ba ta da rajista, ba ta da lissafi, ba ta taruwa sai an ji ƙamshin kuɗin wani shiri, ba ta da bakin tuhumar kowa. Wajibi ne su haɗa kai su rubuta buƙatunsu, su kai wa mai riƙe da ƙaramar hukuma kafin a tsara kasafin shekara, su nemi sarakuna da limamai su sa albarka, su koma bayan wata shida su tambayi inda aka kwana. Kuma su fara da abin da ke hannunsu: malami ɗaya, ɗalibai goma, tsoho ɗaya, waya ɗaya, ranar Alhamis da yamma.

Ranar da babban baƙo zai sake bin hanyar Magarya, makaɗan Bande za su fito kamar yadda suka saba, domin karrama baƙo ɗabi'arsu ce tun asali. Abin da ya rage ga hukuma shi ne ta amsa tambaya ɗaya: bayan ƙura ta lafa, ina makaɗin nan zai koma, kuma wa zai karɓi gangar daga hannunsa?